“Ba A Gani Ba” Daban, “Babu” Daban: Nasiha Kan Gwajin Sankarar Mama

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, maza da mata, maganar da na ɗauko a wannan wata irin maganar nan ce da ba a yin ta a zaure, ba a yin ta a majalisa, ko a tsakar gida ma sai an rage murya. Amma duk ɓoyon da muke yi mata bai hana ta shiga gidajenmu ba. Ina nufin sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mata kimanin miliyan 2.3 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin kamu sama da 32,000 a wannan shekara, da rasuwa sama da 16,000. Wato duk inda aka ƙirga mata biyu da suka kamu, ana ƙirga ɗaya da aka kai makwancinta.

Faɗin maganar ya fi ƙarfin shafi ɗaya, saboda haka gefe guda zan kama. Akwai matar da ta yi duk abin da aka ce ta yi: ta je asibiti, an ɗauki hoton mamanta da na'urar da ake kira mamogiram, an miƙo mata takarda an ce ba a ga komai ba, ta koma gida da farin ciki, alhali ciwon yana nan kwance. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a ƙasa, shi ne irin wannan mata tana da haƙƙin a gaya mata iyakar abin da hoton ya iya gani, kuma a ƙara mata da duban sikanin idan halittar mamanta ta buƙaci haka. Zan kuma faɗi aibin sikanin ɗin ba tare da rufa-rufa ba, don mai nasiha ba ya talla.

LABARIN WATA MALAMA

A jihar Konetikat ta ƙasar Amurka an yi wata mata mai suna Nancy Cappello, mai digirin digirgir a fannin ilimi. Mace ce mai kula da lafiyarta ƙwarai, kowace shekara sai ta je an ɗauke ta mamogiram, kuma kowace shekara amsa ɗaya ake ba ta: lafiya lau. A ƙarshen 2003 aka sake ɗaukar ta, aka ce ba a ga komai ba. Bayan 'yan makonni, a farkon 2004, ana duba ta da hannu a wurin likita sai aka ji wani tauri a mama ɗaya. Aka sake mamogiram, nan ma bai nuna komai ba. Da aka ɗora mata na'urar sikanin, sai ga ƙullutu mai girman santimita biyu da rabi. Sankara ce, ta kai mataki na uku, har ta bazu zuwa kaluluwa 13 a hammatarta.

Da ta tambaya yaya aka yi hoton shekara da shekaru ya kasa ganin wannan abu, sai aka ce mata ai mamanta mai cunkoso ne, kuma an daɗe da sanin cewa mamogiram ba ya gani sosai a irin wannan mama. Likitoci sun sani, amma ita mai jikin ba wanda ya taɓa gaya mata. Wannan ne ya fi yi mata zafi. Bayan ta sha tiyata da gashi da magunguna masu ƙarfi, sai ita da mijinta suka tashi tsaye suna neman a yi doka. A 2009 jiharsu ta zama ta farko da ta wajabta a riƙa sanar da mace idan mamanta mai cunkoso ne. Jihohi fiye da 30 suka bi sahu. Ita dai ta rasu a 2018, amma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta mayar da sanarwar wajibi a duk faɗin ƙasar, dokar kuma ta fara aiki ranar 10 ga Satumba, 2024.

Na kawo labarin nan ne don mu ga cewa ko a ƙasar da na'urori suka wadata, abin da ya cuci wannan mata shi ne rashin a gaya mata gaskiyar jikinta. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

MENE NE CUNKOSON MAMA?

Maman mace haɗi ne na abubuwa uku: kitse, da jakunkuna da hanyoyin da ke samar da ruwan nono, da zaruruwan nama masu riƙe su. Idan kitse ya rinjaya, ana cewa maman ba shi da cunkoso. Idan jakunkunan da zaruruwan suka rinjaya, ana cewa mai cunkoso ne. Wannan halitta ce daga Allah, ba cuta ba ce. Ba a kuma gane ta da girman mama ko ƙanƙantarsa, ko taurinsa a hannu. Mace ba za ta iya shafawa ta sani ba, likita ma ba zai iya ba. A hoton mamogiram kaɗai ake tantance ta.

Likitocin hoto sun kasa mama kashi huɗu, suna yi musu alama da haruffan A da B da C da D. Na A kusan duk kitse ne. Na B kitse ne da ɗan cunkoso nan da can. Na C cunkoson ya yawaita har yana iya rufe ƙaramin ƙullutu. Na D kuwa cunkushe yake ƙwarai. Na C da na D su ake nufi idan an ce mama mai cunkoso. A ƙididdigar Amurka, fiye da mata 4 cikin 10 na masu shekara 40 zuwa 74 suna cikin waɗannan kashi biyu, kuma kusan mace 1 cikin 10 ce take kashi na D. Cunkoso ya fi yawa ga mata masu ƙuruciya da marasa ƙiba, yana kuma raguwa da yawan shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Lokacin ciki da shayarwa ma mama yakan ƙara cunkushewa na ɗan wani lokaci.

To ina matsalar take? Mamogiram hoton eksire ne. A cikinsa kitse yana fitowa baƙi-baƙi, nama mai cunkoso yana fitowa fari, ƙullutun sankara shi ma fari yake fitowa. A maman da kitse ya rinjaya, ganin ƙullutu kamar ganin farar tunkiya ne a baƙar gona. A mama mai cunkoso kuwa kamar neman farin wake ne a cikin tulin auduga. Shi ya sa bincike daban-daban suka nuna cewa a mama mai kitse hoton yana kama kusan 9 cikin 10 na sankara, amma a mama mai tsananin cunkoso yana iya kuskure ɗaya cikin uku, wani lokaci har kusan rabi.

Akwai matsala ta biyu. Tun a 1976 wani likitan hoto Ba'amurke mai suna John Wolfe ya lura cewa yanayin naman mama a hoto yana da alaƙa da yiwuwar kamuwa da sankara, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da haka. Mace mai kashi na D tana da kusan ninki biyu na haɗarin mace mai matsakaicin cunkoso. Ashe ke nan wadda ta fi buƙatar a gani ita ce hoton ya fi kasa gani a jikinta.

ABIN DA SIKANIN YAKE ƘARAWA

Sikanin ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne na'urar da ake duba mai ciki da ita. Ba ya aiki da hasken eksire. Sauti yake aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi nama ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto. A wannan hoto nama mai cunkoso yana fitowa da haske, galibin ƙullutun sankara kuma yana fitowa da duhu. Abin da ya ɓuya fari cikin fari a mamogiram sai ya bayyana baƙi cikin fari. Yana kuma bambanta ƙullutu mai ruwa a ciki, wanda galibi ba shi da illa, da ƙullutu mai tsoka, wanda ke buƙatar ƙarin bincike.

Wannan ba zato ba ne, an gwada an ƙirga. A 2008 aka buga sakamakon wani bincike da likita Wendie Berg ta jagoranta a cibiyoyi 21, kan mata kimanin 2,800 masu cunkoson mama waɗanda haɗarinsu ya ɗara na sauran mata. Mamogiram shi kaɗai ya gano sankara a jikin mata 7.6 cikin kowace 1,000. Da aka haɗa da sikanin, adadin ya hau 11.8. Wato an sami ƙarin mata kimanin 4 cikin 1,000 waɗanda da an sallame su da cewa ba a ga komai ba. Galibin abin da sikanin ya gano kuwa ƙanana ne, kimanin santimita 1, ba su kai ga kaluluwar hammata ba, wato suna matakin da magani ya fi yin tasiri.

Mafi girman gwaji a ƙasar Japan aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Noriaki Ohuchi, aka buga shi a mujallar Lancet a 2016. An ɗauki mata 72,998 masu shekara 40 zuwa 49, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya mamogiram kaɗai, ɗaya gidan mamogiram da sikanin. A gidan farko an gano sankara 117, a na biyu 184. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sankarar da ke ɓullowa bayan an ce wa mace lafiyarta lau, kafin lokacin gwaji na gaba. A gidan mamogiram kaɗai an sami irin wannan 35, a gidan da aka haɗa biyun an sami 18. Kusan rabi ke nan. Ƙasar Ostiriya kuwa tun 2014 ta sanya sikanin cikin shirinta na ƙasa ga matan da hoto ya nuna mamansu mai cunkoso ne.

Sai dai a lura da kyau, sikanin mataimaki ne, ba magaji ba. Akwai wata alama ta farko-farkon sankara, ƙananan ɗigo-ɗigo kamar garin alli a cikin hanyoyin nono, wadda mamogiram yake gani sarai, sikanin kuma sau da yawa ba ya gani. Kowannensu yana da makantarsa, kuma makantar wannan ita ce idon wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

Da zan tsaya nan da na yi wa mai karatu rabin gaskiya. Sikanin yana da aibi, babban aibinsa kuwa shi ne yawan ihu ba ɓarawo. Yana ganin abubuwa masu yawa da ba sankara ba, amma tunda an gan su dole a bi sawunsu. A binciken 2008 da na ambata, cikin matan da sikanin ya sa aka tsakuri namansu da allura don gwaji, ko 1 cikin 10 ba a samu da sankara ba. Sauran sun sha fargaba da kashe kuɗi da kwanakin jiran sakamako, daga ƙarshe aka ce lafiya lau. A gwajin Japan ma an fi kiran mata masu lafiya su dawo a gidan da aka haɗa da sikanin. Wanda ya taɓa zaman jiran irin wannan sakamako ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, gano ƙarin sankara abu ne, tabbatar da cewa mace-mace sun ragu a sanadinsa kuma abu ne na daban, wanda sai an bi matan shekaru masu yawa kafin a iya yanke hukunci. Saboda haka ne a 2024 kwamitin masana da ke ba Amurka shawara kan rigakafi, duk da ya ce mata su fara mamogiram daga shekara 40 zuwa 74, sau ɗaya a shekara biyu, ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa ya umarci a ƙara wani gwaji ga masu cunkoson mama ba, ba ta kuma isa ya hana ba.

Na uku, sikanin ba shi ne mafi kaifin ido ba. A ƙasar Holan an gwada na'urar maganaɗisu da ake kira MRI a wani bincike da ya ƙunshi mata sama da 40,000 masu kashi na D, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna sankarar da ke ɓullowa tsakanin gwaji da gwaji ta ragu daga 5 zuwa 2.5 cikin 1,000. A Ingila kuma, a 2025, Farfesa Fiona Gilbert ta Jami'ar Kambirij da abokan aikinta suka buga gwajin mata sama da 9,000 masu cunkoson mama waɗanda mamogiram bai ga komai a jikinsu ba. Sikanin mai sarrafa kansa ya gano kimanin 4 cikin 1,000, MRI kimanin 17, mamogiram na musamman da ake haɗawa da allurar rini kimanin 19. Tazarar ba kaɗan ba ce.

To me ya sa duk da haka nake kira a yi sikanin? Saboda da babu gara ba daɗi. Matar da ke da halin MRI, kuma likita ya ga haɗarinta babba ne, kamar wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ciwo da ƙuruciya, ta nemi MRI. Amma wannan na'ura tsada gare ta, ba a kuma samun ta sai a manyan birane. Sikanin kuwa yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ba allura, ba hasken eksire, ana yi wa mai ciki da mai shayarwa ba fargaba. Aibin ihu ba ɓarawo kuma yana raguwa idan mai duban ƙwararre ne, idan kuma akwai hoton baya da za a kwatanta da shi.

TO, MU FA?

Wani zai ce, ai wannan muhawara ce ta mutanen da suka ƙoshi. Su suna gardama kan ƙullutun da hannu bai ji ba, mu kuwa matanmu sai mama ya fashe yana zubar da ruwa kafin a kai su asibiti. Gaskiya ne, kuma dole a faɗe ta. Nijeriya ba ta da tsarin da ake aika wa kowace mace gayyatar mamogiram idan ta kai wasu shekaru, kamar yadda ake yi a Ingila ko Holan. Na'urorin mamogiram galibinsu suna asibitocin koyarwa da manyan asibitocin kuɗi. Yawancin matanmu sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa wurin likita. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka, ya nuna cewa cikin matan Nijeriya da aka bi, kashi 36 cikin 100 ne kawai suke raye bayan shekara uku da gano ciwon, alhali a cikin fararen matan Namibiya kashi 90 ne. Ciwo ɗaya, nahiya ɗaya, amma dubi bambanci.

Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ɗora nauyi kan abubuwa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala maganinsu.

Amma wannan bai raba mu da maganar cunkoso ba, sai ma ƙara kusanto da ita da ya yi. Da yawa daga matan da ke kamuwa a ƙasarmu 'yan shekara arba'in da wani abu ne, wasu ma ba su kai ba, wasu suna goyo. Waɗannan kuwa su ne shekarun cunkoso. Ga kuma watan Oktoba na kowace shekara, da ƙungiyoyi kan shirya mamogiram kyauta ko da rangwame, mata su yi layi, a miƙa musu takarda su tafi. Mace nawa ake gaya wa harafin mamanta? Mace nawa ta san cewa takardar da ta adana a ƙasan akwati, in harafinta D ne, ba ta wanke ta sarai ba?

Mafi haɗari ita ce matar da ta ji ƙullutu da hannunta, aka yi mamogiram aka ce ba a gani ba, sai maigida ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Gwajin mai lafiya daban, binciken mai alama daban. Duk ƙullutun da hannu ya ji, ko kan nono ya shige ciki, ko jini ya fito daga gare shi, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata ta ƙi ɓacewa, ƙa'idar likitoci ita ce a haɗa uku: duban hannu, da hoto, da tsakurar nama idan an ga dalili. Ga yarinya ƙasa da shekara 30, da mai ciki da mai shayarwa, da sikanin ake farawa. Kada a ce nono ne ya kwanta a zauna wata shida ana shafe-shafe. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Maganar nan kuma da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura, ita ce ta kai mata da yawa kabari. Allurar gwaji ba ta yaɗa ciwon. Jinkiri ne yake yaɗa shi.

Ga kuma gargaɗi ga masu neman sikanin. Ba duk mai na'ura ne ya iya duba mama ba. Kan na'urar da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, an yi shi don hango abu mai zurfi. Na mama miƙaƙƙe ne, mai fito da ƙananan abubuwa na kusa da fata. Duba na ƙwarai kuma yana bin mama biyu da hammata, a binciken 2008 yakan ɗauki kusan minti 20. Wanda ya goga kan na'urar ciki minti biyu ya ce babu komai, ya karɓi kuɗi, ya sayar da kwanciyar hankali ta ƙarya, kuma zai amsa tambaya a kan wannan rai.

KUNYA DA AMANA

Mun san abin da ke tsayar da 'yan'uwa mata da yawa. Kunya ce, kuma kunya abin yabo ce. Mace mai kamun kai ba ta son buɗe ƙirjinta ga namijin da ba mijinta ba, mijin ma ba ya so. Amma malamanmu sun daɗe da bayyana cewa neman magani halal ne, kuma lalura tana halatta duba gwargwadon buƙata, mace ta duba mace in an samu, in ba a samu ba a je wa wanda ya iya, tare da miji ko muharrami ko wata mace a wurin. Wanda ya hana matarsa zuwa asibiti da sunan kishi har ciwo ya cinye ta, ya sani amanar da aka ba shi ce ya tozarta.

Laifin kuma ba na maza masu hanawa kaɗai ba ne, namu ne gaba ɗaya. Mu ne muke kukan babu mata a ɗakin hoto, mu ne kuma muke cire 'ya'yanmu mata daga makaranta kafin su kai inda za su koyi aikin. Idan muna son mace ta duba mace, to sai mun haifar da matan da za su duba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga 'yar'uwa: ki san yadda mamanki yake a kullum, don ki gane ranar da ya sauya. Idan kin kai shekara 40 kuma kina da hali, ki yi mamogiram. Idan an ba ki takarda, ki tambaya da bakinki: mamana wane harafi ne? In an ce C ko D, ki tattauna da likita kan ƙarin sikanin, kina sane da cewa ana iya kiran ki ƙarin gwaji daga ƙarshe a ce ba komai. Ki adana hotunanki don kwatantawa. In kuwa kin ji ƙullutu, kada wata takarda ta sa ki yi shiru.

Ga maigida: kai ne za ka fara tambaya, kai ne za ka raka ta, kai ne za ka biya. Kuɗin sikanin na yau bai kai ɗigo cikin kuɗin jinyar gobe ba. Ka kuma tabbatar mata cewa ko an ce sai an cire mama, matsayinta a wurinka ba zai ragu ba, domin tsoron kishiya da tsoron saki suna cikin abubuwan da ke sa mata ɓoye ciwo.

Ga likitoci da masu ɗaukar hoto: ku rubuta harafin cunkoso a kowane rahoto, ku kuma fassara wa mace ma'anarsa da harshen da take ji. Ba sai an yi muku doka irin ta Amurka ba.

Ga hukumomin lafiya: a horar da ma'aikata mata kan sikanin mama, a sanya kan na'urar da ya dace a asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma sa ido kan ɗakunan hoto masu zaman kansu.

Ga rassanmu: makarantun matan aure da muke da su a unguwanni su ne wurin da wannan ilimi zai fi saurin isa. A gayyato likita mace ko ungozoma ta yi bayani ko sau ɗaya a zango. Masu hali kuma su ɗauki nauyin karatun yarinya ko guda a fannin likitanci ko ɗaukar hoto, su kuma taimaka wa matar da aka ce ta yi gwaji ba ta da kuɗinsa.

Na'ura ba ta hana ajali, ba kuma wanda ya ce tana hanawa. Amma an umarce mu da riƙon sababi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu zama masu faɗa wa junanmu gaskiya.